Na kai ta ta koyi fid da kai, yanzu lissafin daƙiƙa muke yi

Uwar Auta, Plymouth

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi mini haƙuri, zancen nawa da tsawo, kwana uku ina rubutawa ina gogewa.

Ni Bakatsiniya ce. Ruwan da na sani wanda ya fi na randa yawa shi ne kududdufin bayan unguwarmu da damina, shi ma in aka ga yarinya a bakinsa, ranar da shatin bulala za ta kwana. Har yau ban iya iyo ba. To Allah da ikonsa, sai ga ni a Plymouth, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, shekara huɗu ke nan. Karatu ya kawo maigidan, aiki ya riƙe shi. Garin nan duk titin da ka bi ka gangara, teku zai kai ka. Ga tashar jiragen ruwan soja a Devonport, ga manyan jiragen da ke kwasar mutane da motocinsu zuwa Faransa da Sifen, ga filin shan iska da suke kira Hoe, ƙasansa duwatsu da matakala har cikin ruwa. Bazararmu ta farko muka je can, na ga yara 'yan shekara goma suna tsalle daga kan dutse suna faɗawa teku. Kafin in waiga, autata, lokacin shekararta bakwai, ta zare hannunta daga nawa ta nufi matakalar. Da wuyan rigarta na fizgo ta. Daren nan na ce wa babanta, ko mu bar garin nan, ko yarinyar nan ta koyi ruwa.

Abin da na nema ke nan, iya ruwa fid da kai. A manhajar firamare ta nan ma akwai cewa yaro ya iya ninƙayar mita 25 kafin ya gama, amma ban zauna jiran makaranta ba, na sa ta darasin rabin awa duk Asabar. Matakai bakwai ne, kowanne da takardar shaidarsa, har yanzu suna manne a ƙofar firij. Ranar da ta gama na bakwai na ce alhamdulillahi, an sauke nauyi. Sai malamar ta tare ni a bakin ƙofa, wai ƙafar yarinyar nan ta iyon kwaɗo ce, in kai ta kulob a gwada ta.

Ga wanda bai sani ba, salo huɗu ake gasa da su. Bakina ba ya juya sunayensu, don haka muka raɗa musu namu a gida: na kwaɗo, na rigingine, na malam-buɗe-littafi, sai na wurga hannu wanda kowa ya sani.

Kulob ɗinmu ba shi ne babban nan Leander da garin ke taƙama da shi ba, inda Ruta Meilutyte 'yar Lituweniya ta yi horo har ta je ta ci zinare a iyon kwaɗo na mita 100 a Olamfik ɗin Landan na 2012 tana da shekara 15, inda kuma Ben Proud, gwanin ninƙaya na Birtaniya, ya yi horo. Namu ƙarami ne, iyaye ne ke riƙe da shi, awanni ake haya a tafkin ninƙaya mai mita 25. Amma iskar gari ɗaya muke shaƙa. Duk uwar da ke zaune a benci, ko ba ta faɗa ba, gani take 'yarta ce Ruta ta gobe.

Yanzu shekararta 11, tana zuwa yamma uku a mako. Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne abin da ya faru Asabar biyu da suka wuce.

Gasa aka yi a wani gari, tafiyar awa ɗaya da mota. Muna idar da Asuba muka kama hanya, don ƙarfe takwas ake shiga ruwa a sassaka jiki. Waje sanyi kamar ya tsinke yatsa, cikin ginin kuwa, inda 'yan kallo ke zama, zafi sai ka ce Katsina a watan Afrilu, ga ni cikin abaya da hijabi, ga warin kulorin har cikin maƙogwaro. Sai da na biya kuɗin shiga, don in kalli 'yar da na haifa. Ita kuwa ta zana lambobi da biro a damtsenta: lambar tseren, rukuni na nawa, layi na nawa. Awa biyar na zauna ina jiran abin da bai kai daƙiƙa 50 ba. Kuma ba da shekaru ake jera su ba, da lokacin da kowa ya taɓa yi ne, sai ka ga 'yar shekara 11 kusa da 'yar 14. Ko yarinya ta riga kowa isa a rukuninta, ba a ce ta ci komai ba, sai an liƙa takarda a bango an ware kowa da sa'o'insa.

Mita 50 na kwaɗo ne, wato zuwa da dawowa. Abin da muke nema ba lamba ba ce, lokaci ne, lokacin da zai ba ta damar shiga gasar gundumar Devon da ake yi a Janairu da Fabrairu. Wata uku tana bin sa, kullum da saura ƙasa da rabin daƙiƙa. Aka busa dogon usur suka hau dakali, aka yi tsit, ƙarar nan ta tashi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji kaina ina cewa "Ja mana! Ja, Auta!" da Hausa, Baturiyar da ke gefena tana taya ni ihu alhali ba ta san me nake faɗa ba. Ta taɓa bango, na ɗaga kai na dubi allo, ta yi lokacin, har da rara. Na zauna ina share hawaye da gefen hijabi.

Ashe wata mata mai fararen kaya da ke tsaye a ƙarshen layinta ta riga ta kai rahoto. Da aka liƙa takarda, gaban sunanta babu lokaci, sai haruffa biyu, DQ. An soke ta. Wai wajen juyawa hannu ɗaya ya riga ɗaya taɓa bango. Lokacin nan da na gani da idona ya bi ruwa, kamar ba a yi ba.

Ba ta yi kuka a can ba. A mota na miƙa mata burodi da dambun naman da aka aiko mana daga gida ta ce ta ƙoshi. Sai da muka kusa gari ta ce, "Mama, ki gaya wa Abba na yi lokacin, rubutawa ne kawai ba su yi ba."

Ranar Talata koci ya kira ni gefe. Yana so ya ɗaga ta zuwa rukunin gaba: horo biyar a mako, biyu daga ciki ƙarfe biyar da rabi na asuba kafin makaranta. Kuma akwai sauran gasa ɗaya kafin a rufe karɓar sunaye na gunduma.

Ga inda kaina ya ɗaure. Na farko kuɗi: na wata, na rajistar shekara da hukumar Swim England, kowane tsere da kuɗin shigarsa, ga mai, ga tabarau da take ɓatarwa kamar gyaɗa. Na biyu gashinta, kulorin ya cinye gaban goshin, hular robar da ake ba su kuwa ba ta rufe kitso, tana tsakiyar iyo sai ta zame. Na uku, wanda ya fi duka, jikinta ya fara. Zuwa yanzu riga mai kaiwa gwiwa take sawa, amma hannu a waje, baya a waje, ga benci cike da maza. Babanta ya ce in dai a haka ne, bana ce ta ƙarshe, kuma ni ma zuciyata tana tare da shi. Hajiya kakarta kuwa duk Juma'a in an kira sai ta ce, "Ku da kuka tafi neman ilimi, sai kuka mai da mini jika kifi?" Ga azumi na tafe tsakiyar Fabrairu, daidai lokacin gasar, ita kuma bara ta fara kai wasu har Magariba.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai ku. Ciwon nan ni ma ya kama ni. In kowa ya yi barci sai in buɗe shafin da ake jera lokutan yara, in duba wa ya wuce ta, wa ta wuce. Na haddace lokutan 'ya'yan mutane guda shida waɗanda ko gaisawa ba ma yi da iyayensu. Ni da na kai ta don kada teku ya cinye mini ita.

To ina tambaya, musamman waɗanda 'ya'yansu suka bi wannan hanya: in ƙara mata wuta, in bar ta inda take, ko in cire ta tun ba a yi nisa ba? Kuma akwai wanda ya san ko ana yarda yarinya ta yi gasa da suturar da ta rufe jiki?

Mai Farar Riga, Sunderland

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya Auta. Na yi dariya da na kai wajen mata mai fararen kaya, don ni ma cikinsu nake. Bazazzagi ne ni, shekara shida ina tsayawa a ƙarshen layi a gasannin nan arewa maso gabas, kuma na soke 'ya'yan mutane da dama, har da ɗan cikina sau ɗaya. Bai yi mini magana ba sai washegari.

Ki sani mu duka iyaye ne irinki, ba biyanmu ake ba. Ana farawa da riƙe agogo, sai a yi kwas a zama alƙalin juyi. Abin da aka koya mana shi ne, in kana shakka, yaro ke da gaskiya, abin da idonka ya tabbatar kaɗai za ka rubuta, kuma alƙalin wasa ne mai yanke hukunci, ba mu ba. A na kwaɗo da na malam-buɗe-littafi dole hannu biyu su taɓa bango lokaci guda, a juyi da kuma a ƙarshe. Yara masu sauri ne suka fi faɗawa wannan, don hannu ɗaya ya riga ya ƙagu ya juya. Gyaran mako biyu ne. Gara a kama ta yanzu da a kama ta a gunduma.

Ki ba ta labarin nan in ta huce. A Olamfik ɗin Sidni na 2000, mutum uku aka jera a rukunin farko na mita 100. Biyu suka faɗa ruwa kafin a ba da alama aka kore su, ɗaya daga cikinsu Karim Bare ne ɗan Nijar. Shi ya sa Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini ya yi iyonsa shi kaɗai, ya kai da ƙyar a minti 1 da daƙiƙa 52.72, duniya ta san shi. Mutum ya taso tun daga Nijar har Ostireliya, bai samu ya yi ko mita ɗaya da za a lissafa ba. Ita awa ɗaya kawai ta yi a mota.

Maganar sutura, akwai hanya. Tun 2017 hukumar ninƙaya ta Ingila ta sassauta doka, aka yarda mai dalilin addini ko na rashin lafiya ya sa rigar da ta rufe jiki a gasannin da ta ba lasisi. Sharaɗi shi ne ta zama ta yadi, kada ta rufe fuska, kada kuma ta ƙara wa mutum sauri ko ta taya shi tasowa saman ruwa. Ana kai wa alƙalin wasa ya duba kafin a fara. Ki sa koci ya yi magana tun da wuri, kada ku bari sai safiyar gasa. Na ga yarinya biyu da irinta a nan, ba wanda ya ɗaga kai. Amma kada in ɓoye miki, dokar duniya ta tseren tafki ba ta sauya ba, a can rigar mace ba ta wuce kafaɗa, ba ta wuce gwiwa, ba ta rufe wuya. Ke nan hanyar tana da inda ta tsaya, sai dai wurin yana da nisa ƙwarai daga inda kuke. Kuma rigar za ta ɗan ja ta baya, ta saba da ita a horo tukuna.

Hula kuma ki nemi Soul Cap, an yi ta ne don gashi irin namu. Hukumar duniya ta ƙi ta a 2021 gab da Olamfik ɗin Tokiyo, aka yi ta surutu, ta dawo ta amince a 2022. Alice Dearing, baƙar mace ta farko da ta yi wa Birtaniya ninƙaya a Olamfik, wadda mahaifiyarta 'yar Ghana ce, tana cikin waɗanda suka tsaya wa maganar. Kafin Auta ta shiga tafki ta jiƙa gashin da ruwan famfo sosai, gashin da ya riga ya sha ruwa ba ya shan kulorin da yawa.

Yanzu ga inda zan saɓa wa kocinku. Ni ban ga abin da 'yar shekara 11 za ta nema a ruwa ƙarfe biyar da rabi na asuba ba. Tsanin dogo ne: gunduma a farkon shekara, shiyya wajen Afrilu da Mayu, sai na ƙasa da bazara a Ponds Forge da ke Sheffield, kuma kowane mataki sai ya tace yara. Shekarun ma da 31 ga Disamba ake ƙirga su a gunduma, haihuwar Disamba tana karawa da haihuwar Janairu wadda ta girme ta da kusan shekara. A wannan shekarun wanda ya riga tsawo shi ke ci. Babban ɗana haka ya yi, yana 11 da 12 ba mai kama shi, muka ba shi asuba huɗu a mako, ni ne direba. Yana 14 sa'o'insa suka yi tsawo suka kamo shi, yana 15 ya ajiye tabarau a kan tebur ya ce ya gama. Ƙanensa da ba mu matsa wa ba bai taɓa shiga gunduma ba sai yana 13, shi ne har yau yake ciki. Yara biyu ba hujja ba ne, amma su na gani.

Kuɗi kuwa, ki daina shigar da ita tsere shida a gasa ɗaya, biyu ko uku sun isa. Ku haɗa mota da wata uwar. Ki kuma tambayi ma'ajin kulob a asirce ko suna da tallafi, da yawa suna da shi, mutanenmu ne ba sa tambaya.

Shafin lokutan nan ki rufe shi, Hajiya. Ni sai da matata ta goge mini shi daga waya.

Ɗan Kabi, Argungu

Salamu alaikum. Ni ban san komi ba ga iyon Turawa, amma bakin Matan Fada anka haife ni, kakana masunci na. Abu biyu ni ka son in ce.

Na ɗaya, a faɗa ma Hajiya kakar yarinya, tseren ruwa ba Turawa sunka kawo shi ba. Bikin kamun kifi namu tun 1934 a ka yin shi, kuma kamin ranar babban su akwai Kabanci: tseren iyo, tseren kwalekwale, nutso a ga wa ka daɗewa, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu. Yara ƙanana na shiga, Sarki na kallo. Kuma malamai na kawo maganar da a ka danganta ma Sayyidina Umar, cewa a koya ma ɗiya iyo da harbi da hawan doki.

Na biyu shi na mai muhimmanci. Ɗiyarki ta iya tafki, ba ta iya ruwa ba tukuna. Tafkin ga naku ruwa na mai ɗumi, mai haske, ƙasa da zane, bango kowane gefe, babu igiya, babu laka, babu ciyawar da ka riƙe ƙafa. Mu nan wanda gulbi ya fi ci ba wanda bai iya ba na, shi tsoro na hana shi shiga. Gwani a ka rasawa, wanda ya raina ruwa. Ke kin ce don teku kinka kai ta. To teku ɗin fa, an koya mata shi? In ba a koya mata ba, duk daƙiƙun ga da ku ka ƙirga ba su biya miki buƙatar da kinka fita nema ba.

Yaya Babba, Kano

Ƙanwata, ni ba zan yi miki kwana-kwana ba. Buƙata ta biya, ta iya. Maigida ya faɗi ra'ayinsa, kakarta ta faɗi nata, ke ma kin ce zuciyarki na tare da su. Meye saura? Yau an ce riga mai rufe jiki, to ai in ta jiƙe lafewa take. Asubar da za ki tashe ta don ruwa, ki tashe ta don hadda. Yaro in kin cire shi daga abu kuka zai yi na mako guda ya manta. In kika bari ta kai 14 tana ciki, lokacin ke ce za ki yi kukan. Allah Ya shirya mana su.

Maman Zango, Tema

Uwar Auta sannu da ƙoƙari. Ni a Tema nake, nan Ghana, mu ma teku ne a ƙofar gida. Maganar Baba na Argungu gaskiya ce, a nan duk ranar hutu in matasa suka cika bakin teku, iyaye a zango ba sa samun natsuwa sai sun ga kowa ya dawo. Igiyar nan mai ja ciki ba ruwanta da gwaninta. In ta kama mutum ba a kokawa da ita, gefe ake bi, a yi iyo a miƙe da gaɓa har a fita daga bakinta. Masuntan ƙabilar Ga da suka gaji teku kaka da kakanni ma ranar Talata ba sa shiga.

'Yata ta yi gasa daga shekara 9 zuwa 14. Mu wahalarmu daban ce da taku, ku kuna kukan horo ya yi yawa, mu tafkin ne babu. Na otal ne, ko na makarantun masu kuɗi, ko a shiga mota har jami'ar Legon. Sai da aka yi wasannin Afirka a Maris 2024 aka samu na Borteyman, inda ɗan Ghana Abeiku Jackson ya ci lambobi a na malam-buɗe-littafi, muka je muka yi ihu har murya ta dushe.

Da ta kai 14 ita da kanta ta ce ba ta son tsayawa gaban mutane a haka, kuma mu ba mu samu wanda ya gaya mana akwai wata riga ba. Na ji zafi, don ni ma ina da irin ciwonki, ni har littafi na buɗe ina rubuta lokutanta. Yaya Babba, ki yi haƙuri, ba mako guda take kuka ba, kuma ba ta manta ba. Yanzu shekararta 19, duk Lahadi da safe tana haɗa mata na zango, a yi karo-karo a kama tafki awa ɗaya ba namiji ko ɗaya, tana koya musu. Akwai Hajiya mai shekara 50 da wani abu a ciki. Da na cire ta tana 11, da ba ta kai ƙwarewar da za ta riƙe wani a ruwa ba.

Ba na ce ki bi hanyata ba. Amma duk cikin rubutunki na ga ra'ayin koci, na Abba, na Hajiya, da naki. Na Auta fa? Ki tambaye ta ranar da ba gasa, ba a mota ba, kuma kada ki fara da faɗin naki.

Gashi kuma man kaɗanya, daren da za ta shiga ruwa da bayan ta fito. Kitson ya zama manya, kwance, ba shuku ba.

Uwar Auta, Plymouth

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa maigidan duka, har da na Yaya Babba, wanda ya ce a maimaita masa.

Baba na Argungu, maganarka ta hana ni barci. Gaskiya ba a koya mata teku ba. Tafkin gasa tsakanin digiri 25 ne da 28, tekun nan kuwa ko da bazara bai kusanci haka ba, kuma masu ceto na ƙungiyar ceton teku ta RNLI kullum gargaɗinsu shi ne sanyin ne ke fara ɗauke wa mutum numfashi, ya kwanta rigingine ya saki jiki har numfashin ya dawo kafin ya yi yunƙurin iyo. Na tambaye ta ma'anar tuta mai ja da rawaya da ake kafawa a bakin teku, ta ce wai ta ƙwallo ce. Tsakanin tutocin nan biyu ne fa kaɗai aka yarda a shiga ruwa, inda masu ceto ke kallo. Yarinyar da ta san lokacinta har ɗigo biyu bayan daƙiƙa. Akwai kulob ɗin koyon ceto na yara a garuruwan bakin teku na nan Devon da Cornwall, babanta da kansa ya ce in bazara ta zo shi zai riƙa kai ta.

Maman Zango, na tambaye ta ranar Lahadi ina tsefe mata kai, don a nan ne ba ta iya guduwa. Ta ce asuba ba ta so, tana ganin 'yan rukunin suna gyangyaɗi a aji. Gunduma kuwa tana so, ko sau ɗaya, don a babban tafkin Life Centre mai mita 50 ake yi, ita kuma ba ta taɓa tsere a cikinsa ba. Da na kawo maganar riga sai ta yi shiru, can ta ce dama ita ma ta fara jin kunya in tana tsaye a dakali, tsoro take in ta faɗa a ce ta bari gaba ɗaya. Ban san tana ɗauke da wannan ba.

Inda muka tsaya da Abbanta: babu asuba, yamma uku yadda take, riga mai rufe jiki daga yanzu, a sake zama bayan Sallah. Da azumi, ranar da ta ɗauka ba ruwa, don Magariba a nan ƙarshen Fabrairu wajen shida saura take, horo kuma shida. Koci bai ji daɗin maganar asuba ba, ya dai ce to. Maganar riga kuwa ya ce bai taɓa samun mai irinta ba, zai rubuta wa masu shirya gasar. Yaya Babba, lafewar da kika faɗa gaskiya ce, mun gwada a bahon gida. Dabarar da muka yi, doguwar rigar tawul har bakin dakali, in ta fito kuma ƙawarta na tsaye da ita. Ban ce ya gamsar da kowa ba, Hajiya dai ba mu gaya mata komai ba tukuna.

Rigar ta iso jiya, hannun ya yi mata tsawo da kusan yatsa uku. Malam Mai Farar Riga, in na kai wa tela ya rage, alƙalin wasa zai ce an taɓa ta, ko in mayar a canzo ƙarama? Gasar saura kwana 16, kuma tun ranar Talata take bin bangon falo tana dafa shi da hannu biyu.